Iska Ta Riga Waya Isa Ƙauye: Nazarin Yadda Intanet Ya Shigo Hannun 'Yan Najeriya

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja. Kowane lasisi ya tashi a kan dala miliyan 285. A wannan lokaci layukan tarho da ke aiki a faɗin Najeriya ba su wuce kimanin dubu 400 ba, alhali jama'ar ƙasar sun kai miliyan 120. Wato layi ɗaya ga mutum ɗari uku, kuma yawancin layukan a ofisoshin gwamnati suke, da bankuna, da gidajen masu hannu da shuni a Legas da Kaduna da Kano. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Agusta, Econet da MTN sun kunna sabis. Cikin ƙasa da shekara biyu masu riƙe da salula suka ninka masu tarhon girke, wanda aka shafe shekaru fiye da ɗari ana jan wayarsa tun zamanin Turawa.

Wannan nazari a kan abu guda yake: me ya sa, da aka zo batun intanet mai sauri, hanyar da ba ta da waya ce ta kai wa talaka, musamman a Arewa, ta bar hanyar da ake binne waya a ƙasa tana jan ƙafa. A yau alƙaluman NCC na nuna cewa fiye da kashi 99 cikin ɗari na layukan ƙasar na salula ne. Ba haka kawai abin ya faru ba.

Gadon da NITEL ya bari

An kafa NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, a 1985, bayan an haɗe sashen tarho na tsohuwar ma'aikatar gidan waya da sadarwa ta P&T da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje. Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2000 ya san yadda samun tarho yake. A cike takarda, a jira watanni, wani lokaci shekaru. Idan an yi sa'a aka ja waya daga kan falwaya zuwa gida, to damina ɗaya ta isa ta kashe layin. Wayar ta jan ƙarfe ce, ga ta da kuɗi a kasuwa, don haka ɓarayi ba sa raga mata. Mutumin ƙauye kuwa bai ma sa rai ba. In rasuwa aka yi, sai a aika yaro a mota ko a kai sanarwa gidan rediyo. Wanda ke da ɗan'uwa a Makka ko a kurmi, sai wasiƙa, ko a ɗauki murya a kaset a ba matafiyi.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan tarihi shi ne, a Turai da Amurka intanet mai sauri ya fara shiga gidaje ne ta kan wayoyin da ya tarar. Kusan kowane gida da tarhonsa, da yawa kuma da wayar talabijin ta kebul. Kamfanoni suka ɗora intanet a kan abin da kakanni suka riga suka binne. Mu ba mu da wannan gadon. Ƙoƙarin sayar da NITEL ma sai da ya yi ta faɗi-tashi: an ba Pentascope riƙo a 2003, an sayar wa Transcorp a 2006, aka soke cinikin a 2009, daga ƙarshe NATCOM ya saye abin da ya rage a kan kimanin dala miliyan 252. Wani abin lura shi ne, da sabon mai shi ya dawo kasuwa a 2016 da sunan ntel, bai koma kan tsohuwar wayar jan ƙarfe ba. Da 4G ya fito.

Saboda haka zaɓin da ke gaban Najeriya bai taɓa zama tsakanin hanyoyi biyu da ke nan a shirye ba. Ko dai a haƙa rami zuwa ƙofar kowane gida daga farko, ko a kafa ƙarfe ɗaya a tsakiyar gari kowa ya kama.

Lissafin rami

Intanet ɗin da muke amfani da shi ta teku yake shigowa. Igiyar SAT-3 ce ta farko, sannan MainOne da Glo-1 suka iso a 2010, WACS a 2012, Equiano ta Google a 2022. Kusan dukkansu a gaɓar Legas suka sauka. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne a mota, zuwa Maiduguri kuwa ya haura 1,500. An daɗe ana kokawa a harkar sadarwa cewa ɗauko intanet daga Landan zuwa Legas ya fi sauƙin kuɗi a kan ɗauko shi daga Legas zuwa cikin ƙasa. A nan gizo ke saƙa.

Wayar zamani da ake binnewa, fayiba, zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, haske ke bi ta cikinsa. Zaren kansa ba shi ne mai tsada ba. Tsadar tana cikin haƙa, da bututun da za a zura shi, da ramukan dubawa, da kuma kuɗin izinin da gwamnatin jiha ke karɓa kafin a sa diga a gefen titi. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a riƙa karɓar naira 145 a kan kowace mita. Jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu, kowa ya yanka nasa farashi. Sai a 2020, lokacin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka sake matsa wa gwamnoni lamba. Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145. Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya.

A duba lissafin. A kan naira 4,500, izinin kilomita ɗaya kawai naira miliyan huɗu da rabi ne. Garin da ke da nisan kilomita 50 daga inda fayiba ta tsaya, izininsa kaɗai naira miliyan 225, ba a biya lebura ko ɗaya ba tukuna. To ko an kai ta garin, aiki bai ƙare ba, domin kowane lungu sai an ja masa nasa reshe, kowane gida sai an shigar masa da tasa waya. Gida na dubu da ɗaya yana buƙatar nasa ramin kamar yadda gida na farko ya buƙata.

Ƙarfen sabis ba haka yake ba. Kafa shi da tsada, gaskiya ne: fili, ƙarfe, na'urori, janareto, batura, mai gadi. Amma da zarar ya tsaya, duk wanda ke cikin da'irarsa ya samu. Mutum na dubu da ɗaya ba abin da zai ƙara wa kamfani illa layin da zai saya. Wayar da zai kama sabis da ita ma shi zai saya da kuɗinsa a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ko a kasuwar garinsu. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin komai.

Sannan ga yanayin zamanmu. Jihar Legas ba ta kai murabba'in kilomita 4,000 ba, mutane a cunkushe, bene a kan bene. Rami ɗaya zai iya ratsa gidaje dubbai. Jihar Neja ta haura murabba'in kilomita dubu 70, Borno ma ta kusa haka. Tsakanin wannan ƙauye da wancan akwai gonaki da daji da fadama, ga rugage da tungaye da ba su kai gida ashirin ba. Babu ɗan kasuwar da zai binne waya kilomita goma sha biyar saboda gida ashirin, kuma ban ga laifinsa ba.

Masu sauraron rediyo za su fi kowa gane yadda ƙarfe ke cin nisa. Kowa ya san Rediyon Kaduna a matsakaicin zango yana kai wa inda tashar FM ba ta isa. Haka abin yake a sadarwar salula: ƙananan zanguna irin su megahaz 700 da 800 da 900 suna tafiya nesa, suna ratsa bangon ƙasa da na siminti, manyan zanguna kuma sun fi ɗaukar kaya amma ba sa nisa. Shi ya sa MTN ya sayi Visafone a 2016, ba don yawan masu layinsa ba, sai don zangon 800 da yake riƙe da shi. A fili shimfiɗaɗɗe irin na Jigawa ko Yobe, inda babu tsaunukan da za su tare, ƙarfe ɗaya mai ƙaramin zango na iya ciyar da ƙauyuka da dama. Shi kansa ƙarfen ba dole sai fayiba ta zo gindinsa ba. Faifan nan masu kama da ganga da ake gani a maƙale a jikinsa suna harba saƙo kai-tsaye zuwa wani ƙarfen da ke nesa da kilomita masu yawa, muddin suna hangen juna. A haka ake miƙa sabis daga ƙarfe zuwa ƙarfe har a kai inda waya take, a tsallake kogi da dutse da gonar mutane ba tare da an biya diyya ko an nemi izinin haƙa ba.

Katafila da ɓarawo

Binne waya wahala ɗaya ce, kiyaye ta wata wahalar ce daban. Shugaban NCC na yanzu, Aminu Maida, ya bayyana cewa a shekarar 2024 kaɗai an tsinke fayiba fiye da sau dubu 50 a ƙasar nan, kuma kusan dubu 30 daga ciki aikin titi ne ya jawo. Ɗan kwangila ya zo da katafila zai faɗaɗa hanya ko ya ja magudanar ruwa, babu wanda ya ba shi taswirar abin da ke ƙasa, shi ma bai tambaya ba. Ragowar kuma ɓarayi ne da ke tono suna zaton jan ƙarfe za su samu, su tarar da gilashin da ba mai saye, su watsar, amma ɓarna ta riga ta auku. Akwai gobarar daji, akwai zaizayar ƙasa da damina. Abin ya kai ga a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne.

Idan waya ta tsinke, sai an gano wurin, a tono, a kawo na'urar da ke narka bakin zaren biyu ta haɗe su, zare bayan zare. Wannan a babbar hanya ke nan, inda kamfani ke da dalilin gaggawa. A yi tunanin a ce kowane gida a Kurna ko Rigasa da tasa wayar, a unguwannin da ba a tsara su ba, inda yau a haƙa rijiya, gobe a ja kwata, jibi maƙwabci ya ƙara ɗaki ya ci rabin lungu. Wa zai bi waɗannan wayoyi yana gyarawa? Tsakanin ƙarfen sabis da wayar hannunka kuwa babu abin da katafila za ta tsinka.

Mutumin da ba ya zama wuri ɗaya

Akwai wani ɓangare da masu lissafin injiniya kan manta, kuma a ganina ya kai batun rami muhimmanci. Wayar girke gida take yi wa hidima. Tana ɗauka cewa mutum yana da adireshi, yana da gidan kansa ko haya mai tsawo, yana da wutar lantarki da za ta riƙe na'urar da ke bango, yana kuma da albashin da zai biya kuɗin wata a dunƙule. Mutum nawa ne a cikinmu suka cika waɗannan sharuɗɗa huɗu?

Ɗan kasuwar hatsi da ke Dawanau yau, gobe yana ƙauye yana awo. Dillalin shanu yana Maigatari ran Alhamis, yana Wudil ran Juma'a, yana ɗaukar hoton bijimi ya tura wa mai saye a Legas ta WhatsApp, a yi ciniki, kuɗi su shigo kafin a ɗora dabba a mota. Direban tirela, ɗan ci-rani, makiyayi, ɗalibar da ke zaune a ɗakin haya na shekara guda, matar aure da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin ɗakinta. Duk waɗannan intanet ɗin da zai amfane su shi ne wanda ke aljihu. Kuma suna sayensa ne yadda suke sayen komai, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da rana ta bayar: data ta kwana ɗaya, ta mako, ta dare. Wayar hannu ana cajinta a shagon mai caji ko da ɗan faifan sola, ba ta jiran a kawo wuta.

An ga amfanin wannan ƙarara a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace daga hannun jama'a. Wahalar da aka sha ba ta misaltuwa, sabis ya yi ta yankewa, kuɗi suka yi ta maƙalewa a hanya. Duk da haka, abin da ya hana kasuwanni tsayawa cik shi ne tiransifa ta waya da na'urar POS, wadda ita ma layin salula ne a cikinta. Mai shayi da mai kayan miya da ba su taɓa tunanin buɗe asusu ba suka buɗe a cikin 'yan kwanaki. Da a ce sai an ja wa kowace rumfa waya kafin ta karɓi kuɗi, da ba a yi ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Saurin kafawa ma abin dubawa ne. An ba da lasisin 3G a 2007, manyan kamfanoni suka shiga 4G wajen 2016. A Disambar 2021 aka yi gwanjon 5G, MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowanne, kuma kafin ƙarshen 2022 MTN ya kunna a birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri. Kowane sauyi daga cikin waɗannan, a kan ƙarafan da ke tsaye aka yi shi: a hau, a sauya na'ura, a sauko. Sannan a Janairun 2023 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki. Taurarinsa na shawagi a nisan kimanin kilomita 550 daga ƙasa, abin da mutum ke buƙata kawai faifai da wuta da sararin sama a buɗe. Kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, amma ga asibitin karkara, ko cibiyar jarrabawar JAMB, ko ma'aikatan agaji a garin da babu ƙarfe ko ɗaya, abu ne da a da sai dai a mafarki.

Inda iska ke gazawa

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da waya ta fi. Sabis ɗin ƙarfe tuwon gidan biki ne, iya yawan hannu iya ƙanƙantar loma. Shi ya sa intanet ke gudu da asuba, ya koma rarrafe bayan isha'i, ko ya ɗauke gaba ɗaya a filin idi da ranar kasuwa. Zaren fayiba ɗaya kuwa yana ɗaukar abin da ƙarafa da yawa ba za su ɗauka ba, ruwan sama bai dame shi ba, kuma ga mai amfani da yawa ya fi araha. Jami'a, banki, babban asibiti, gidan talabijin, duk wanda ke aiki a wuri ɗaya da kwamfutoci masu yawa, in fayiba ta iso ƙofarsa ya karɓa hannu bibbiyu. Ƙarfe kuma yana shan dizal dare da rana saboda rashin tsayayyar wuta, kuma wannan na daga cikin dalilan da kamfanoni suka kafa har NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025. A ƙarshe talaka ne ya biya.

Ƙarfe kuma a fili yake, kowa na ganinsa. A 2012 'yan Boko Haram sun bi ƙarafan sabis suna ƙonawa a Arewa maso Gabas. A 2013 aka rufe sabis a Borno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci. A Satumbar 2021 aka kashe na Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane suka riƙa hawa mota zuwa wata jiha don su kira 'yan'uwa ko su tura kuɗi. Al'ummar da hanyarta ɗaya ce, ranar da aka toshe ta ba ta da wata.

Sai kuma abin da ya faru ranar 14 ga Maris, 2024. Igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a lokaci guda a gaɓar Kodebuwa. Mai waya a Gusau da bai taɓa ganin teku ba ya ga intanet ɗinsa ya yi sanyi, manhajojin wasu bankuna suka ƙi buɗewa. Wannan rana ta nuna abin da mutane da yawa ba su sani ba: sabis ɗin da muke kira mara waya, 'yan kilomitocin ƙarshe ne kawai ba su da waya. Daga ƙarfe zuwa Legas, daga Legas zuwa Turai, galibi zare ne a ƙasa ko a ƙarƙashin ruwa.

Don haka ni ban ɗauki lamarin a matsayin gasa ba. Fifikon mara waya a zangon ƙarshe yake, daga tsakiyar gari zuwa hannun mutum, kuma a wannan zango, a ƙasa irin tamu, ban ga abin da zai kamo shi nan kusa ba. Abin da ke damuna shi ne ƙarafan Arewa da yawa har yanzu ta faifai suke karɓar sabis, daga wannan ƙarfe zuwa wancan, kowanne yana rage wa na gaba. Waya na iya nuna 4G a fuskarta, amma abin da ke isowa ƙarfen tun asali bai taka kara ya karya ba.

Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin intanet mai sauri ya kai kashi 70 cikin ɗari na jama'a, ba a kuwa cimma wannan ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin da ministan sadarwa Bosun Tijani ya kawo na binne ƙarin kilomita dubu 90 na fayiba, a kan kimanin dubu 35 da ake da su. In za a ji ta tawa, kada a fara da unguwannin masu kuɗi na Abuja da Legas, waɗanda kamfanoni za su kai musu ko ba gwamnati. A kai zaren hedikwatar kowace ƙaramar hukuma cikin 774, a shigar da shi makaranta da asibiti, a tsayar da shi a gindin ƙarfen sabis, a sa wa ƙarfen sola. Gwamnonin da har yanzu suke kallon kuɗin izinin haƙa a matsayin hanyar samun kuɗin shiga su dubi abin da Kaduna ta yi. Ƙididdigar da NCC ta fitar a 2022 ta nuna akwai yankuna 97 da sabis bai kai ba ko bai wadata ba, mutum kusan miliyan 27 ke zaune a cikinsu. Su ne waɗanda har yau sai sun hau tudu ko bishiya, sun ɗaga waya sama, kafin saƙo ya fita.